Barin Aiki Babu Sallama

Cikin zangon da ya wuce, sa'ad da aka rarraba mu ƙauyuka domin mu gwada hannunmu ga koyarwa, mu huɗu rabonmu ya faɗa wata ƙaramar makaranta a ƙasar Raba, can wajen Tursa. Ba za mu ambaci sunanta ba, gama abin da ya faru cikinta yana faruwa wurare da yawa, ba kuwa nufinmu mu tona asirin kowa ba. Ran Litinin ta mako na uku da zuwanmu aka buga ƙararrawa, yara suka shiga azuzuwa, amma malamin aji huɗu bai zo ba. Aka ce watakila zazzaɓi ne. Da hantsi ya yi babban malami ya aiki yaro ɗakin da ya ke kwana. Yaron ya komo ya ce ƙofa a buɗe ta ke, babu tabarma, babu buta, babu akwati. Maƙwabta suka ce tun asubar Asabar suka ji tashin babur. Aka neme shi ta waya, aka tarar a kashe ta ke. Makullin akwatin aji kuwa yana aljihunsa, cikin akwatin nan akwai rajista, da takardun jarrabawar tsakiyar zango, da allin wata guda.

Da dare muna zaune a zauren da aka sauke mu sai gardama ta kaure. Biyu daga cikinmu suka ce mutumin nan ya yi daidai, wanda bai girmama ka ba bai cancanci ka yi masa ban kwana ba. Biyu suka ce ya ci amana. Muka kai tsakar dare ba wanda ya ja wani. Da muka komo kwaleji muka ba 'yan'uwa labari, ashe kusan kowa yana da irinsa. Shi ya sa muka ga ya kamata mu zauna mu auna maganar a rubuce, domin nan da shekara ɗaya ko biyu kowanenmu za a jefa shi wani ƙauye shi kaɗai, kuma ba wanda ya san irin shugaban da zai tarar.

Mu fara ba mutumin haƙƙinsa. Albashinsa ya kan yi jinkiri har ya ci bashin gero da mai wurin mai tebur. Iyalinsa suna nesa. Rabin rufin ajinsa iska ta yaye. Babban malamin kuma mutum ne mai zafin rai, ya kan yi masa faɗa a gaban yara, mu kanmu mun ji da kunnenmu sau biyu, har muka sunkuyar da kai. Wanda bai sha irin wannan ba kada ya yi saurin zargi. Ba mu ga laifinsa ba da ya bar aikin. Kowane ɗa yana da iko ya bar aikin da ya ƙuntata masa, ya nemi abincinsa wani wuri. Abin da mu ke tambaya kurum shi ne, ta wace ƙofa ya kamata ya fita.

Mun ce ɗa, da gangan kuwa muka faɗa. Kakanninmu sun san mutanen da ba su da hanyar barin aiki sai gudu da dare, watau bayi. Bayan da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, bayi masu yawa suka watse daga rumada da gandaye, ba wanda ya tsaya sallama da ubangijinsa, ba kuma wanda zai ga laifinsu, gama da sun faɗa da an ɗaure su. Sai a 1936 doka ta kashe bauta ƙurmus a Nijeriya ta Arewa. To, mutumin da ba mai ikon riƙe shi, in ya naɗe tabarma da asuba ya sulale, ya ɗauki hanyar da tilas ce ta sa waɗansu suka bi ta, shi kuwa ba abin da ya tilasta shi.

Ku dubi kalman nan sallama, yadda ta ke da faɗi a bakin Bahaushe. Da ita a ke shiga gida, da ita a ke fita. In ubangida ya biya baransa ladansa ya sake shi, sai a ce ya sallame shi. Watau mutanenmu sun ɗauki shiga da fita da biyan haƙƙi abu guda, ba a cika ɗaya a bar sauran. Baƙon da ya kwana gidanka, ko da tuwon da ka ba shi ba mai, in gari ya waye ka tarar ya tafi bai ce maka kome ba, abin da za ka fara yi shi ne ka ƙirga awakinka. Haka kuwa aka yi wa malamin nan. Kafin azahar ta ran Litinin magana ta gama gari, wai ya gudu da kuɗin makaranta. Ko kwabo bai ɗauka ba, mu shaida ne. Amma ba ya nan balle ya kāre kansa.

Waɗanda suka ce ya yi daidai, hujjarsu ita ce ramuwa: a bar babban malami ya ɗanɗana. Sai muka tambayi kanmu, shin wa ya ɗanɗana? Ku zo mu gangara fadama. A Wurno da Goronyo, inda mutane ke noman rani a bakin Gulbin Rima, albasa da tafarnuwa da alkama da shinkafa, balle tun da aka gama madatsar ruwan Goronyo a 1984, mai garka ya kan ɗauki yaron ban ruwa na rani guda. A ce sun sami saɓani. In yaron ya ce, "Maigida, bayan kasuwa biyu zan tafi," mai garka zai yi gunaguni, amma zai nemi wani. In kuwa ya sulale, albasar da aka dasa ba ta san an ɓata wa kowa rai ba, ƙishirwa kurum ta sani. Kafin mai ita ya zo daga gari fangali ya bushe. A nan dai a iya cewa hasara ta faɗa kan wanda ya yi laifi, tun da albasar tasa ce. Amma yaran aji ba na babban malami ba ne. Shi ƙarshen wata albashinsa ya zo cif. Yara ne suka yi kwana tara suna zaune suna kokawa, sai in ɗayanmu ya sami sarari ya leƙa su. Iyayensu kuwa, waɗanda da ma da ƙyar da lallashin hakimi da liman aka shawo kansu suka ba da su, suka ce tun da ba malami, gara yaro ya bi shanu, yarinya ta ɗauki talla. 'Yan mata uku har muka baro garin ba su komo ba. Wannan shi ne abin da ya kashe gardamarmu, ba wata gwanintar magana ba.

Mu da muka ɗan taɓa Risala a zaure kafin mu shigo makarantar boko, mun tuna malamai sun raba aikin lada iri biyu. Akwai ijara, inda a kan yanka lokaci sananne da lada sananne, kuma da zarar an ƙulla ta, ta hau wuyan mutum biyu ɗin duka. Akwai ji'ala, kamar a ce wanda ya gina rijiya har ya cim ma ruwa, ko ya nemo raƙumin da ya ɓace, yana da kaza. Mai ji'ala yana iya ajiye aiki duk sa'ad da ya ga dama, amma ba shi da kome sai ya gama. Mai albashin wata ba ya cikin wannan kashi na biyu, ko da ya ke da yawa daga cikinmu muna so mu ci daɗin duka biyu, mu karɓi lada kamar masu ijara, mu tafi kamar masu ji'ala. Kada kuwa shugabanni su ji daɗin wannan magana, gama igiyar da ta ɗaure ma'aikaci ita ce ta ɗaure su, an hore su su biya lada da gaggawa, wanda ya riƙe albashin talaka shi ya fara warware alkawari. Tun muna yara kuma aka ba mu labarin Annabi Musa, alaihissalamu, yadda ya yi kiwo a Madyana bisa wa'adin shekara 8, ko 10 in ya so, sai da ya cika wa'adi sa'an nan ya ɗauki iyalinsa ya tafi, malamai kuwa sun ce mafi tsawon ya cika.

Dokar ƙasa ma ba ta yi nisa da wannan ba. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1974, cikin sashe na 11 ta yanka wa'adin notis, watau sanarwar da ɗaya zai ba ɗaya kafin a rabu. Wanda bai wuce wata 3 yana aiki ba, kwana 1. Wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 1. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako 2. Daga shekara 5 zuwa sama, wata 1. In notis ya kai mako guda, tilas ya zama a rubuce. Ɗayansu yana iya yafe wa ɗaya, ko ya karɓi kuɗi maimakon kwanakin. Wa'adin nan kuwa ya hau kan mai aiki da mai ba da aiki daidai wa daida. Amma a lura, an yi dokar nan ne musamman domin leburori da ƙananan akawuna. Malamin makaranta sai ya duba takardar da aka ɗauke shi aiki da ita, nan zai ga nasa wa'adi, waɗanda muka gani kuwa yawancinsu wata guda suka ce. Abin mamaki, da muka tambayi 'yan'uwa waɗanda suka taɓa aiki kafin su shigo kwaleji, kaɗan ne suka karanta tasu har ƙarshe.

To, in al'ada da shari'a da doka duk sun tafi baki ɗaya, me ya sa mutane masu hankali su ke ta sulalewa? Da mu kan ce tsoro ne, kada a riƙe albashin ƙarshe, ko a shafe watan nan ana musguna wa mutum. Akwai wannan, ba mu musu. Amma ran da aka kira maƙeri ya fasa kwadon akwatin aji huɗu muka ga wani abu dabam. Rajista a cike ta ke har ran Jumma'ar ƙarshe. Takardun jarrabawa duk an duba su, an jera bisa ga maki. A ƙarƙashinsu kuwa ga takardar barin aiki, da kyakkyawan rubutu, da sa hannu, kwanan watan da ke kanta ya nuna mako uku ke nan da rubuta ta. Ashe mutumin ya yi niyyar sallama. Miƙawa ce ta gagare shi.

Mun daɗe muna tunanin takardan nan, gama duk mun ga kanmu a cikinta. An rene mu kada mu dubi idon babba, kada mu ce masa a'a. Yaya yaro zai durƙusa gaban mutumin da ya yi sa'ar ubansa ya ce, "Malam, na gaji da zama da kai"? In ma ya daure ya faɗa, ya san abin da zai biyo. Za a aiko liman, a aiko uban ƙungiyar iyaye, watakila har hakimi ya sa baki, kowa ya ce ka yi haƙuri don Allah, ka dubi yaran nan. Wa zai iya tsallake maganar dattawa uku? Sai ya ce to, ya koma aji da baƙin cikinsa, bayan wata biyu abu ya komo ɗanye. Saboda haka ya ga babur ɗin asuba ya fi masa sauƙi. Kunya ce ta kore shi, kunya kuwa abin yabo ce a wurinmu, amma ga shi wannan karon ta jawo masa sunan ɓarawo.

Maganin wannan, a ganinmu, yana cikin al'adarmu tun da can. Abin da baki ba ya iya faɗa, manzo ya kan faɗa. Ba wanda ke zuwa neman aure da kansa. Mai barin aiki ma yana iya samun wani dattijo, ko abokin aiki wanda ya girme shi, ya raka shi, ko ya kai takardar a madadinsa. Rubutu kuwa a nan rahama ne: takarda ba ta jin nauyin kowa, ba ta rawar murya, ranar da aka sa mata ba ta sakewa don an yi mata magiya. In masu ban haƙuri suka zo, a karɓe su da ladabi, a gode musu, a ce takarda ta riga ta shiga ofis.

Kada wani ya zaci gundura da aiki halin ƙananan mutane ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da kansa, wajen 1807, ana kan hanyar yaƙin Alkalawa, zuciyarsa ta ɓaci da ganin yadda son duniya ya shiga waɗansu daga cikin jama'a. Ya fita daga runduna shi da abokansa biyar, ya fuskanci gabas da nufin Makka. Ya ba da labarin nan da kansa cikin Tazyinul Waraƙati, har da kwana ukun da suka yi cikin daji ba su ga ɗan Adam ba sai sawun giwaye. Da ya isa Kano mutanenta suka tsai da shi, ya karantar da su, ya rubuta musu littafi bisa sha'anin mulki, sa'an nan ya komo. Alkalawa ta faɗi a 1808, da Shehu ya raba ƙasa a 1812 kuwa yamma ce ta zama rabonsa. Ba mu isa mu auna irin wannan bawan Allah da mudunmu ba. Abin da muka tsinta kurum shi ne bai ɓoye dalilinsa ba, ya rubuta shi kowa ya gani, kuma hanya ta komo da shi wurin mutanen da ya bari. Mu ma haka ta kan yi da mu. Ƙasar nan da faɗi, amma malamanta sun san juna, wanda ka rabu da shi dutse a hannun riga a Raba, shi za ka tarar a ofishin ilmi a Sakkwato ran da ka je neman takardar shaida.

Na kusa da mu kuma, ɗan'uwanmu ne a sana'a. Malam Aminu Kano yana koyarwa a makarantar horon malamai ta Maru, wadda a lokacin ta ke cikin lardin Sakkwato, zama bai yi daɗi ba tsakaninsa da hukuma. A watan Nuwamba 1950 ya ajiye aikin, ya kuma buga dalilansa a jarida da sunansa, ya shiga siyasa. Ko mutum yana son ra'ayinsa ko ba ya so, ba wanda ya taɓa cewa ya gudu.

Duk da haka akwai inda ba mu ce kowa ya tsaya ƙirga kwanaki ba. Mutanen gabashin Sakkwato ba su bukatar a ba su labari. A watan Yuli 2018 'yan bindiga suka far wa Tabanni a ƙasar Raba, a watan Oktoba 2021 kuma suka buɗe wuta cikin kasuwar Goronyo, rayuka masu yawa suka salwanta. Malamin da aka aiko masa da saƙon barazana, ko malamar da shugaba ya ke nemanta da lalata, ko akawun da aka matsa masa ya sa hannu a kan ƙarya, wannan ya tsira da ransa da mutuncinsa tukuna. Ita dokar 1974 ɗin ma ta bar ƙofa a rabu babu notis in halin ɗayan ya kai ga haka. Amma ko shi, in ya isa inda ya natsu, saura abu biyu a wuyansa: ya aiko da magana a san ba zai komo ba, ya kuma aiko da makulli. Sai dai mu yi hankali da zuciya, gama ta iya mai da faɗan babban malami ya zama kamar harin 'yan bindiga in tana son tafiya.

Wanda ba ya cikin irin wannan hali, abin da ya fi wuya gare shi ba rubuta takarda ba ne, zaɓen rana ne. Makiyayi ba ya ajiye sanda da tsakar rana shanu suna daji, sai ya koro su gida an ƙirga. Namu lokacin koro shanu shi ne ƙarshen zango. In mutum ya ga ba zai iya ba, ya ƙirgo wata guda baya daga ranar hutu ya miƙa takarda, yara su yi jarrabawa a hannunsa, hukuma ta sami kwanakin hutu ta nemi wani. Takardar kada ta wuce layi biyar: ga ranar da zan bari, na gode. Ba wurin zuba ƙorafi ba ne, gama fayil ba ya mantuwa, in akwai ƙara a kai ta dabam. A yi biyu, a riƙe ɗaya wadda aka sa wa hannu da kwanan wata. Kada kuma a saki reshe a kama ganye, a san inda za a dosa tukuna. Sa'an nan a rubuta wa magaji inda aka tsaya cikin lissafi da karatu, wane yaro ne ba ya ji da kunnen hagu, wace yarinya ce uwarta ba ta da lafiya. A biya mai tebur bashinsa. A bi gidan hakimi da na liman a yi ban kwana, a shiga aji a gaya wa yara da baki.

Bayan mun komo kwaleji da wata guda, ɗayanmu ya je kasuwar Acida, ya hangi malamin nan yana taya wani ɗan'uwansa awon albasa. Da suka haɗa ido sai ya yi kamar zai kewaya bayan buhuna, kana ya tsaya. Suka gaisa. Bai tambayi babban malami ba, bai tambayi albashinsa da ya bari ba. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, yaron nan mai in'ina da ke zama a layin gaba, an bar shi a wurinsa, ko an mai da shi baya?